Karofin da Lawai ya cike

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale Marini. Har yau idan na taso daga Kusada, inda nake koyarwa, na shigo Kankiya, zagaye nake yi kafin in isa gidanmu. Ba na son idona ya sauka a kan jerin shagunan da aka gina a kan karofinsa.

Yaran yanzu sun ɗauka Tudun Shuni unguwa ce kawai a gefen gari. A da ƙauye ne mai zaman kansa, da gonakin gero tsakaninsa da Kankiya. Muna yara akwai guntun ganuwa ta gabas da muke hawa mu hango shanu, akwai tsamiyar zango inda fatake ke sauke wa jakuna kaya, da tsohuwar rijiya wadda igiyar guga ta cinye duwatsun bakinta. Sai karofi, filin ramukan rini da kakanninmu suka haƙa tun ba a san mota ba. Baba ne marini na ƙarshe. Bayan atamfa ta kashe kasuwar, ya riƙe rami guda yana rina wa tsofaffi rawani da zane. Sauran ramukan kuma kullum da hantsi sai ya share bakinsu, duk wanda ya tsaya ya gaya masa wanda ya haƙa kowanne, da 'ya'yan da ya bari, da gidan da jikokinsa suke.

Lawai ɗan ƙanin Baba ne. Maraya ne, a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muka ci da shi. Da gari ya matso, filaye suka yi daraja, sai ya zama dillali. Ya sayar wa wani baƙo karofin, ya ce gadon ubansa ne. Ranar da aka kawo katafila, saƙo ya iske ni a makaranta, na hau acaɓa na taho. Na tarar da Baba tsaye a gaban motar, jama'a sun kewaye.

"Lawai, mi na yi maka?" in ji shi. "Wannan ramin fa kakanka ya haƙa shi."

Lawai bai ko dube shi ba. Jama'a ya juya ya fuskanta, ya ce, "Ku yi haƙuri da tsohon. Kwana biyun nan kansa ba daidai yake ba."

Wasu suka yi dariya. Samari suka kama Baba ta hannu suka janye shi gefe. Kafin la'asar fili ya zama fetal.

Ramukan ba su ci shi kamar yadda maganar ta ci shi ba. Ta bi gari. Mutanen da ke zuwa tambayarsa iyakar gona ko asalin wani gida suka ɗauke ƙafa. In ya yi magana a masallaci sai a yi murmushi a kau da kai. Ya daina fita, ya rage ci, bai ga kakar wannan shekarar ba. Lawai ya zo gaisuwa, har da hawaye. Na karɓi hannunsa saboda idon mutane, na riƙe abina a ciki.

Bara mai unguwarmu ya rasu. Lawai, wanda yanzu Alhaji ne mai mota, ya fito neman sarautar. A wurinmu ba a ba wanda bai nuna tushensa a cikin gidajen da suka kafa ƙauyen ba, kuma tsofaffin da suka san wannan sun ƙare. Sai ga shi a ƙofar gidana a Kusada, da goro da shadda.

"Ƙanina, jini ɗaya ne mu," ya ce. "Kai ka ji tarihin gidanmu daga bakin Baba. Ka zo ka faɗa wa dattawa."

Na ce, "Zan zo, Yaya."

Na je. A gaban dattawa da liman na jero komai, daga wanda ya fara sare daji, zuwa wanda ya haƙa rijiya, har na sauko kan uban Lawai. Lawai yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Sai na ce, "Duk wannan daga Malam Sale na ji shi. Amma Alhaji Lawai ya shaida a bainar jama'a cewa Malam Sale ba shi da hankali, wasunku suna wurin. In gaskiya ya faɗa, ku watsar da duk abin da na ce, ba shi da tushen da zai tsaya a kai. In kuwa ƙarya ya yi wa wanda ya rene shi, ku duba wanda za ku ba amanar unguwa."

Liman ya sunkuyar da kai. Lawai ya tashi ya nemi takalmansa. Wani aka naɗa.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yau. Ba zai gane unguwar ba: an kwashe ƙasar ganuwa an yi bulo, an sare tsamiya, an rufe rijiya da siminti. Kuma na san ba zai yaba mini ba. Mutum ne da ko akuyar maƙwabci ta ci masa shuka sai ya kora ta gida da lallami. Da zai ce in yafe.

Abin da ya rage nasa a Tudun Shuni shi ne maganarsa, kuma ta dawo da nauyinta. Yanzu in gardama ta tashi a kan iyaka ko asali, sai ka ji an ce, "Haka Malam Sale ya faɗa," magana ta mutu. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Yafiya kuwa, Baba yana da ikon yafe nasa. Nawa yana nan. Duk ranar da Lawai ya sake neman wani abu a garin nan, ko da riƙon makullin masallaci ne, zai tarar da ni zaune a sahun gaba.