Yaya Ta Ce Ƙirji

Yayata tela ce. Shekara ashirin da shida tana kan keke a ɗakin ƙofar gida, kuma da ido kawai take auna mace, ba ta kuskure. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu. Matsalarta ɗaya, kunya. Ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, balle sunan abin da ke cikin riga.

Da ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, sai ta je ƙaramin asibitin bayan tasha ta ce wa likita, "Ƙirjina ke ciwo." Kowace mace ta ji haka ta san inda aka dosa. Shi kuwa gogan naka bai ko ɗago kai ba, ya rubuta mata maganin gyambon ciki. Zuwa biyar ta yi cikin wata goma sha ɗaya, ko sau ɗaya bai ce ta hau gado a duba ta ba.

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta ba. Wane irin gyambon ciki ne ke hana mutum ɗaga hannu? Ranar da na ga tabon ruwa a rigarta cikin kayan wanki, na rufe ƙofa na ce, "Yaya, wallahi yau sai na gani." Na gani, na kuma yi kuka.

A babban asibiti likita mace ta duba ta, ta ce ciwon daji ne, har ya kai hammata. Ta ce da an zo wata shida baya, da aiki kaɗai ya isa. Sannan ta nemi katin tsohon asibitin.

Na je. Mai ajiye kati ya ce ya ɓata. Na ce to, zan dawo da lauya, alhali ko ofishin lauya ban sani ba. Bayan kwana uku kati ya bayyana, fes da shi kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Zuwa biyar, amma biro ɗaya, tawada ɗaya, ko karkacewa babu. A ƙarƙashin zuwa na biyu an rubuta wai an tambaye ta ko akwai kumburi, ta ce babu. Kai jama'a! Ni za a mayar yarinya?

Na dawo gida a fusace, na tarar da ita kwance, na zauna a bakin gado na karanta mata, ina jiran ta ce ƙarya ne in san inda zan kai shi.

"Yaya, ya tambaye ki?"

"Bar maganar nan, ƙanwata."

"Ba zan bari ba. Ya tambaye ki ko bai tambaye ki ba?"

Ta juya fuska bango. "Sau ɗaya. Ya riga ya miƙe zai kira na gaba, hannunsa a kan ƙofa, ƙofar kuma a buɗe. Maza cike da benci suna jin mu, har da abokin mijina. Ya ce, 'Babu kumburi dai ko?' To ke, a gabansu me zan ce?"