Watan da Ya Dace da Jirgin Baba

Har yau in na ji ana hirar ƙasashen ƙanƙara sai raina ya ɓaci, alhali ban taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni da ban san sanyin da ya wuce na hunturun Riyad ba, na san watan da ƙanƙara ke narkewa a duwatsun Nowe, na san watan da teku ke hauka, na san watan da rana ke ƙin faɗuwa. Ba don ina so na sani ba. Dole ce ta koya mini, ina riƙe da sitiyari.

A shekarun nan direba nake a wani gida a unguwar Nasiriya da ke Riyad. Maigidan dattijo ne, tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki, shi ne kuma kafil ɗina, wato iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, da sunansa take, fasfona kuma yana cikin durowarsa. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama, kamar yadda direbobi ke kiran masu gidansu a can. Akwai 'yan matansa biyu a jami'a, ga jikoki 'yan firamare, ga Mama da gwiwoyinta da asibitinta. Lokacin mata ba sa tuƙi, 'ya'yansa maza kuwa kowa na harkar gabansa, shi kansa Baba ya daina taɓa mota. Ni ne ƙafar gidan gaba ɗaya.

Al'adar irin gidajen nan ita ce direba ba ya tafiya hutu sai in gidan ya tashi. In masu gida suka yi balaguro, sai a buga maka bizar fita da dawowa, ka je ka ga naka, ka riga su komowa don ka tarbe su a filin jirgi. In ba su motsa ba, kai ma ba ka motsi. Ɗauko wani ya riƙe maka motar ma ba ya yiwuwa, don a shekarun ana kame sosai, duk wanda aka samu yana aiki a gidan da ba na kafil ɗinsa ba ya shiga uku, shi da maigidan.

To a haka ƙanwata ta bugo mini daga gida ta ce idon Inna, mahaifiyarmu, ya fara ba ta wahala. Sun kai ta asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne. Ganin da ya tafi ya tafi, sauran kuma za a riƙa ɗiga magani a ja shi iya yadda Allah ya so. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Ba na neman komai a wurinka. Ka zo in gan ka tun ina gani."

Washegari bayan la'asar, muna hanyar dawowa daga masallaci, na faɗa wa Baba. Ya yi jimami na gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ai zuwanka ya zo daidai. Bana zan kwashe gidan nan duka mu shiga jirgin ruwa a tekun arewa, mu ga duwatsun ƙanƙara. Ranar da muka tashi, kai ma ka tashi. Wata kawai nake so in zaɓa mai kyau."

Na yi godiya har da ɗan rusunawa a kan kujerar mota. Na ɗauka zaɓen wata aikin yini guda ne.

Wani abokinsa ne ya cusa masa wannan ra'ayi. Ya je ya dawo yana ba da labarin jirgi mai kamar unguwa guda, da gidajen abinci a ciki, yana ratsa tsakanin duwatsu, ruwa na zubowa daga samansu. Baba kuwa mutum ne da in zai sayi kankana sai ya ƙwanƙwasa duk na cikin shagon. Sai muka shiga zarya tsakanin gida da ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Kullum ya fito da takardun talla masu sheƙi, ya zauna a gaba kusa da ni, ya sa tabarau, yana karanta mini kamar ni ma da ni za a tafi.

A nan na koyi karatun da ban nema ba. Wai tsakiyar bazararsu, Yuni da Yuli, shi ne lokacin da ya fi, sanyi da sauƙi, teku a kwance, rana ba ta faɗuwa sam in an yi can sama. Matsalar ita ce a shekarun nan azumi ma a nan yake faɗowa. Baba ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ƙasar da rana ba ta faɗuwa, yaushe mutum zai sha ruwa?" Na ce malamai sun ce matafiyi na iya ajiyewa ya rama, ko ya bi lokacin Makka. Ya ce shi da girmansa ba zai yi Ramadan a cikin jirgin da ake kiɗa ba, kuma wa zai bar tarawi a masallacin unguwarsa. Gaskiyarsa ce. Na ce to kafin azumi fa? Ya ce yara na jarrabawa. Bayan salla fa? Ya ce an gaya masa ƙarshen Agusta ruwan sama ne da gajimare, mutum ya sha wannan tafiya ya je ya ga farin bango. Kafin ya gama auna wannan da wancan an buɗe makarantu, shekara ta wuce.

Ranar Juma'a nake samun kaina. In an sauko sai in hau mota zuwa unguwar Manfuha, in nufi wani ɗaki da 'yan uwanmu ke haya, a dafa tuwo da miyar kuka, a ci a ƙasa. Akwai wani mutumin Maraɗi mai aikin gini da muke shiri, bakinsa ba linzami. Da zarar na shigo sai ya ce, "Ga kyaftin ya iso. Yaya teku yau?" A yi dariya, ni ma in yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Shi ne ya taɓa ce mini, "Kai ka ga ikon Allah. Mu muna soyuwa a kan rufin kankare, wani yana cikin na'urar sanyi yana zaɓen irin sanyin da zai je ya saya." Daga nan sai in fita bakin titi in kira gida.

Ƙanwata ce ke ba ni labarin idon, don Inna ba ta ƙorafi. Da farko gefe ne ya tafi, sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda ke tsaye kusa da ita. Daga baya ta daina tsintar shinkafa. Na aika hotona ta wayar wani maƙwabci, aka kai mata har gaban ido. Ta ce ita haske kawai take gani a ɗan gilashin nan, kuma ko da ta gani, hoto ai ba mutum ba ne.

Shekara ta biyu na fara tuna wa Baba tun da wuri. Ya ce wannan karon Mayu zai duba, a riga azumi. Muka koma ofishin nan. Ya fito yana girgiza kai, wai a Mayu ruwan da ke zubowa daga duwatsu ya fi ƙarfi, furanni sun buɗe, amma iska na da cizo, gwiwar Mama ba za ta ɗauka ba. Azumi ya zo ya zauna daram a tsakiyar lokacin mai kyau. Bayan salla aka ce jiragen sun cika maƙil, sai ɗakunan ciki marasa taga, shi kuwa ba zai je kallon duniya a ɗakin da ba taga ba. Har hunturu ya leƙa, don an nuna masa hoton wani koren haske da ke rawa a sararin samaniyarsu. Ya yi mako yana santinsa, sannan ya ji cewa lokacin duhu ne dare da rana, teku kuma na jijjiga mutum har ya amayar da hanjinsa. Ya ajiye takardar.

Ranar nan ban iya daurewa ba. Muna tsaye a danja na ce, "Baba, ni ba ruwana da jirgi. Ka ba ni ko sati biyu ne. Uwata idonta ke tafiya."

Aka ba mu hannu, na ja mota. Sannan ya ce, "Wa zai kai Mama asibiti? Wa zai kai 'yan mata jami'a, tasi? Sabur, ka yi haƙuri, ya waladi. Wallahi baɗi azumi zai zo da wuri, rabin Yuli zai zama namu. Na lissafa."

Ya lissafa. Haushin da na ji a ranar bai taɓa barina ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi a zuciyata. Mutum ne da ke tambayar lafiyar Inna kusan kullum, ya sa aka nemo mata maganin ɗigawa mai kyau, yana sa ta a addu'a da baki. Kawai dai na cikin inuwa bai san ana rana ba. A wurinsa shekara guda jinkiri ne kaɗan don a samu abu mai kyau, ni kuma kowane wata wani yanki ne na idon uwata.

Mutumin Maraɗi ya ce in ajiye masa makullin mota in ce na fasa aikin. Faɗa da baki ke nan. In na fita fitar ƙarshe, wa zai riƙe gidanmu, wa zai riƙe maganin? In na gudu kuma a rubuta ni cikin waɗanda suka tsere wa kafil, in ƙare a gidan tsare baƙi. Na zauna. Na ci gaba da kai Baba ofishin nan, ina jira a mota da injin a kunne, zafi na tashi daga kwalta, shi yana ciki ana nuna masa hotunan ƙanƙara.

Cikin shekara ta uku ƙanwata ta daina kawo zancen ido. In na tambaya sai ta ce da sauƙi, ta miƙa wa Inna wayar, Inna kuma ta shiga tambayata ko ina cin abinci. Na ji a jikina akwai magana, amma ban tona ba, don ba abin da zan iya yi da amsar.

Baba ya cika alkawari. Ana gama bikin ƙaramar salla gidan ya tashi da manyan akwatuna cike da rigunan sanyi. Na kai su filin jirgi, na dawo na rufe motar da tamfol, washegari na bi nawa jirgin.

Da hantsi na isa gida. Inna na zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta yi kwalliya da zanen da na aiko mata, har da kwalli. Na yi sallama. Ta amsa da murna, ta juyo, amma fuskarta ta nufi ƙofar ɗakin girki, ni kuwa ina tsaye a bakin zaure. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini tun kafin azumi da wata uku hasken ya ɗauke gaba ɗaya, Inna ce ta hana a faɗa mini, wai kada in yi wautar da za ta raba ni da aikina.

Na durƙusa a gabanta. Ta miƙo hannu biyu tana lalube har ta samu fuskata. Ta bi goshina, ta bi kumatu, ta tsaya a gemu.

"Ka tara gemu," ta ce. "Akwai fari a ciki?"

Na ce akwai kaɗan.

"To ni da baƙi na san shi, haka zan bar shi."

Ban yi kuka a gabanta ba. Na shiga bayan gida na yi abina, na wanke fuska na fito, kodayake ko ban wanke ba ba za ta sani ba. Na yi hutuna ina jan ta zuwa inuwa in rana ta juyo, ina ɗiga mata maganin da ba shi da sauran amfani, don ta ce ta saba da sanyinsa.

Na riga su Baba komawa Riyad kamar yadda aka saba. Na yaye tamfol, na wanke mota, na je tarbarsu. Baba ya fito fuska ta yi ja, ya ƙara ƙiba, ya rungume ni. Tun kafin mu hau babban titi ya fara ba ni labari. Duwatsu, ruwa, kifaye manya kamar motar bas, rana tsaye a sama har bayan isha. Ya ce a teburin cin abinci ya haɗu da wani dattijo Bature da matarsa, sun shiga jirgin nan a Mayu, sun shiga a Agusta, sun shiga a Satumba, kuma sun ce kowane wata da irin kyansa.

"Ka ji fa," in ji Baba yana dariya. "Ashe da tun shekarar farko muka tafi bayan salla, duk ɗaya ne. Na wahalar da kaina a banza."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na zuba wa hanya ido. Can sai ya tuna, ya dafa kafaɗata.

"Mahaifiyarka fa, ya waladi? Ta gan ka, hankalinta ya kwanta?"

Na ce, "Ta shafa fuskata, Baba."

Ya ce alhamdulillah, ya zaro wayarsa, ya ce in mun tsaya a danja zai nuna mini hoton ranar da ba ta faɗuwa.