Wankan da Habi Ta Hana Autarta

Duk matar da ta haihu a Gatawa a zamaninmu, tun kafin 'yan bindiga su watsa mu, da wuya a ce ba ta ɗanɗani hannun Gwaggo Habi ba. Ni kaina ita ta yi mini wankan jego a duk haihuwar da na yi, kuma har yau in na tuna sai tsikar bayana ta tashi.

Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi. Aikinta wanka ne kawai. Gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma tafin hannunta ya riga ya mutu da zafi, tana iya tsamo ganye daga ruwan da ke tafasa ba ta ko ɗaure fuska ba. Tun ciki bai tsufa ba take leƙa gida ta ga itacen da miji ya tara. In ta tarar da kara da 'yan kirare, ba ta jin nauyin kowa. Da kunnena na ji ta ce wa maigidana, "Kai Attahiru, wanga itacen wanka na, ko na gasa hwara?" Washegari sai ga shi da amalanke cike da gumagumai.

Za ta ɗora rabin duro a murhu tun da safe, ta ɗaure ganyen sabara da na darbejiya, ta tsoma, ta yi ta fyaɗa wa mai jego daga wuya har ƙafa. Kina ihu tana dariya. "Yi kukanki, ɗiyata, sanyi na shika hita." Daga nan sai kunun kanwa mai zafi da yaji, haka safe da yamma har a yi arba'in. A wurinmu mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, in ba a gasa shi ba sanyi ya shiga, ƙarshenta kumburi. Haka muka taras, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Mijinta Bawa ya rasu da wuri. Cikin 'ya'yan da ta haifa, mata biyu ne suka rayu: Bilki, 'yar fari, da Sadiƙa, auta, tsakaninsu da tazara mai yawa. Habi ba ta kiran sunan Bilki saboda kunyar 'yar fari, sai dai "waccan". Amma da waccan ɗin ta zo wankan gida a haihuwarta ta farko, sai ta ajiye kunya gefe, ta ce ba hannun da zai taɓa ta sai nata.

Ana tsakiyar wanka ƙafafun Bilki suka fara kumbura. Sai tari, sai haki. Ba ta iya kwanciya sai dai a jingina ta da bango. Habi ta duba ta ce sanyi ne ya yi mata wayo, don haka ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Duk wata tsohuwa a garin abin da za ta yi ke nan. Sai da numfashi ya gagara aka ɗauko ta zuwa asibitin Sabon Birni, kuma ba ta koma gida da rai ba.

Akwai wani ma'aikacin lafiya da ya duba ta, ba za ni kama sunansa ba. Da ya ji irin wankan da aka yi, sai ya juyo a gaban dangin miji, a gaban masu jinya, ya nuna Habi da biro. "Ke kinka dahwa ta. Ruwan zahi da kanwa su sunka kashe mata zuciya. Sai yaushe za ku bar jahilci?" Ba na cewa ƙarya ya ƙirƙira. Abin da aka koya masa a makaranta ke nan. Amma ko da gaskiya ce, haka ake faɗa wa uwa, gawar 'yarta ba ta ko huce ba? Har gobe ina jin haushin mutumin nan.

Da ta yi musu, da sauƙi. Habi ba ta yi musu ba, ta yarda. Mace ce mai girmama masu ilimi, in malami ya faɗi abu ko likita, ta gama. Tun daga ranar ba ta ƙara hura wutar wanka ba. Mata na aiko mata, tana cewa hannunta ba lafiya. Garin kuwa kun san halinsa. Waɗanda ta gasa musu mata suka miƙe garau su ne suka fara raɗa mata "mai dafa ɗiya". Ta koma surfe da sussuka a gidajen mutane, ta raini Sadiƙa da abin da ake ba ta na tsaba.

Shekaru suka tafi. Daji ya lalace, noma ya gagara, muka kwaso 'yan komatsanmu muka dawo Sabon Birni. Ni da ita muka samu ɗakuna a gida ɗaya, a bayan kasuwa. A nan Sadiƙa ta auri Maliki, wani ɗan Tsamaye da shi ma gudu ya kawo shi, yana dako ranar kasuwa. Mutumin kirki ne, amma kirki ba ya cika tukunya. Sadiƙa ta yi goyon cikinta da kunun tsaki da awara in an samu. In ka gan ta daga baya ba ka cewa tana da ciki, don wuyanta kamar na 'yar tsana.

Ta haifi ɗa namiji, ta zo wankan gida. Maliki ya yi abin da ba kowa zai yi ba a wannan zamani, ya bi masu shiga daji da rai a hannu, ya tara itace mai kyau ya jibge a ƙofar ɗakin surukarsa. Habi ta dubi itacen, ta yi masa godiya, ta ce ya bar shi na girki. Ruwa mai ɗumi take sirka wa Sadiƙa a bokiti, ta ba ta moɗa ta watsa da kanta. Kanwa kuwa ko ƙamshinta ba ta bari ya shigo ɗakin ba.

Ɗakinmu bango ɗaya ne, don haka ina jin su.

"Inna, ɗiyan kowa kin yi ma wanka garinmu. Ni mi ni yi maki?"

"Ba ki yi mani komi ba."

"To ki yi mani. Dangin Maliki na ta dariyata, wai ɗanyar mai jego."

"Su yi ta yi. Na rasa guda da hannuna, ba ni ƙara wata."

Na yi mata magana ni ma. Na ce, Gwaggo, ko ba ki yi da kanki ba, bari in yi mata. Ta kalle ni, ta ce in na kusanci yarinyar da ruwan zafi, ni da ita har abada. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, irin wanda ke hana uwa barci. Ita a ganinta tana tsare ran autarta ne da abin da masu ilimi suka gaya mata.

Kafin arba'in ƙafafun Sadiƙa suka kumbura. Sai tari, sai haki, sai jingina da bango.

Ban taɓa ganin fuska irin ta Habi a ranar da ta danna yatsa a ƙafar yarinyar ta ga gurbin ya zauna ba. Unguwa kuwa nan take ta yanke hukunci: sanyi ne, uwar ta hana ta wanka. Bakunan da suka ce ta dafa ta farko, su ne suka ce ta bar ta biyu ɗanya. Uwar Maliki ta zo har tsakar gida ta zazzage mata. Abin da ya fi ciwo, ita ma Sadiƙa ta yarda da haka. Ta daina yi wa uwarta magana, in za ta sha ruwa ni take kira.

An ɓata lokaci ana jiƙe-jiƙe da gardama, ga hanya ba kullum ake bin ta ba. Da ƙyar muka samu ranar da motoci suka fita a jere, muka kai ta wani babban asibiti a Sakkwato, ni da Habi da Maliki.

A can wata likita, matashiya mai sanyin magana, ta shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji, ta ɗora na'ura irin wadda ake duba ciki da ita. Ta nuna mana zuciyar a allo. Zuciyar ta buɗe ta saki, tana motsi da ƙyar kamar tsohuwar salka. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta, kuma ƙasarmu na cikin inda ya fi yawa. Ta ce su da wasu likitoci suna bin matan da ya kama, suna auna su, don a gane musabbabinsa. Sai ta fara tambaya: me take ci da tana da ciki, an taɓa auna jininta, an yi mata wankan jego?

Habi ba ta jira an gama ba. Ta durƙusa kamar mai amsa laifi gaban alƙali.

"Likita, wagga ban yi mata ba, wallahi ban yi ba. Yayarta ni yi ma, na dahwa ta, tam mutu. Wagga ko kanwa ba ta lasa ba. To mi ak kama ta?"

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Mama, tashi ki zauna." Sannan ta yi mata bayani a hankali. Ta ce da can haka aka ɗauka, har a littattafai an rubuta cewa wanka da kanwa ne. Amma da aka sake bincike a kan mata masu yawa a asibitoci daban-daban, ba a ga ciwon yana bin wanka ba, yana kama wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba. Abin da aka fi gani tare da shi shi ne rama da rashin abinci mai gina jiki, da hawan jini lokacin ciki, ana kuma zargin ƙarancin wani sinadari a jini, ta faɗi sunansa da Turanci ban riƙe ba. Ta ce kanwa da yawa ba ta da kyau ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana, wannan gaskiya ne, kuma har yanzu akwai abin da ba su sani ba. Amma ita ba za ta iya cewa wanka ne ya jawo wa Bilki ciwon ba. Ta ƙara da cewa akwai magunguna, mata da yawa na samun sauƙi in an zo da wuri. Ta Sadiƙa dai ta yi nisa, za su yi iya ƙoƙarinsu.

Na zaci Habi za ta ji sanyi a ranta. Sai ta juya ta dubi likitar.

"Tun yaushe kunka san haka?"

"An yi 'yan shekaru, Mama."

"Wa kunka aiko ya hwaɗa mani?"

Likitar ta sunkuyar da kai. Ba laifinta ba ne, yarinyar kirki ce, lokacin da aka nuna Habi da biro tana makarantar firamare. Amma ni abin ya tsaya mini a rai. Maganar da ta kashe wa baiwar Allah nan rayuwa ta iske ta a rana ɗaya, ba ta nemi mota ba. Wadda za ta wanke ta kuwa ta yi shekaru zaune a Sakkwato, sai da ta kawo 'yarta ta biyu a kumbure sannan aka ba ta.

Habi ta roƙi likitar ta maimaita wa Sadiƙa da bakinta, don ta san rashin wanka bai jawo mata ba. Sadiƙa na jingine da matasai, robar iska a hancinta, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta juyo ta kalli uwarta, karo na farko tun da ta kwanta.

"To tunda ba shi kisa, Inna, ki yi mani."

Likitar ta ce a yi da ruwa mai ɗumi, a zaune, kada a wahalar da ita. Amma ina murhu a asibiti, ina itace, ina sabara? Habi ta fita bakin ƙofa da sauri, ɗankwalinta na zamewa, ta roƙi mai shayi ya cika mata fulas. Ta tsinko 'yan ganyen darbejiya a bishiyar da masu jinya ke zama ƙarƙashinta. Muka ja labule, na riƙe Sadiƙa, aka sa ƙafafunta a baho. Fulas ɗaya a bokitin ruwan famfo, me zai yi? Habi ta tsoma ganyen, ta ɗaga hannu kamar za ta fyaɗa irin na da, sai kuma ta fasa. Ta sauke shi, ta shiga shafa mata a baya a hankali.

Sadiƙa ta rufe ido. Can ta ce, "Inna, bai yi zahi ba."

"Shi anka samu, auta."

"Na Yaya ma haka kinka yi mata?"

Habi ba ta iya ƙarya ba, ko a wannan wurin. "A'a. Nata ya hi haka zahi."

"Na sani," in ji Sadiƙa. "Ina ganinku ta ƙohwa."

Ba ta kai Juma'a ba.