Randar kwamfuta da butar Hajiya

Jama'a, yau alwala ta kashe mini kwamfuta.

Kun san wadda nake haɗa bidiyon biki da ita, mai sanyaya kanta da ruwa. Zafin Funtua ya fi ƙarfin fankokinta, ga ɗan famfonta shi ma yana ƙara ɗumama ruwan. Shi ne na ja tiyo biyu zuwa wata randa a bakin ƙofa, ruwan yana zagayawa.

Ɗazu ina tsakiyar aikin wani Alhaji na Malumfashi, na ji famfo yana ƙara kamar injin markaɗe. Sai ƙauri. Allo ya ɗauke.

Na leƙa randa, ba ruwa, tiyo yana zuƙar iska. Ga Hajiyarmu tsaye da buta.

Na ce, "Hajiya, ina ruwan nan?"

Ta ce, "Ai tunda na gano yana da ɗumi nake alwala da shi, saboda sanyin ƙafata. Yau har baƙina na ɗebar wa."

Alhaji ya kira, wai ya taso karɓar bidiyonsa. Ina zaune ina kallon bango.

Yanzu ta sake leƙowa ta ce, "Auwalu, na cika maka randar. Ka kunna abin nan kafin magariba."