Malam Hamisu, Wanda Ya Ƙara wa Haruffa Girma

Kullum da safe Malam Hamisu zai taso daga Tudun Wada a kan tsohon babur ɗinsa, ya ratsa motocin Nasarawa GRA, ya jingine shi a bayan ɗakin janareta na wani asibitin kuɗi, domin mai asibitin ba ya son a ga babur a zaci ba a samu. Shi ne ya rubuta manhajar da ake shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfutocin wurin. A lissafin ma'aikata kuwa tare aka sa shi da masu gyaran fanka. A watan nan yake ajiye aiki.

Ya fara ne a shekarun da soja suka koma bariki, aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da kowane babba ke son kwamfuta a teburinsa, lulluɓe da ƙyalle. Mai asibitin, Alhaji Idi, buƙatarsa biyu ce: allon ya zama kore, kwanan watan Musulunci ya fito a sama. Malam Hamisu ya yi masa. Sannan ya yi abin da ba a sa shi ba, ya koya wa kowane gurbin shigar da bayani ƙin abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ka rubuta jariri ya shekara tamanin, ko namiji ya zo awon ciki, sai manhajar ta tsaya ta ce, "A sake dubawa."

Wadda manhajar ta fi tsayarwa ita ce Lai'atu, akawun da ke karɓar marasa lafiya, Kirista 'yar Wusasa, mijinta ya rasu ya bar mata yara a makaranta. 'Yan'uwanta da yawa sun tattara sun bar Kano saboda zaman ɗar-ɗar na lokacin. Ita aikin nan ne ya riƙe ta. Ganinta ya soma raguwa, tana ɓoyewa, don ta san 'yar ƙanwar Alhaji ta gama koyon kwamfuta tana jiran kujera.

Malam Hamisu ya lura da yadda take kai hanci kusa da allo.

"Maman Tony, shinshinar kwamfutar kike yi?"

"Malam, ka rufa mini asiri."

"To, ni ma ban ga komai ba. Amma ki je a duba idon nan."

Da a kwamfutarta kaɗai ya ƙara girman rubutu, da ya tona ta da hannunsa. Sai ya zauna ya sake gina kowane gurbi da kowane maɓalli, yadda kowa zai iya ƙara masa girma, ya canja launi, ya matsar da shi inda ya ga dama. Ya gaya wa Alhaji cewa haka manyan asibitoci suke yi yanzu. Alhaji ya amince nan take, ya ƙara wa nasa haruffan girma fiye da na kowa, wai don baƙi su hango daga ƙofa. Ma'aikata suka kwaikwayi maigida. Lai'atu ma ta ƙara wa nata, allonta bai bambanta da na kowa ba, har aka cire mata yanar ido a lokacin hutunta. Ta riƙe kujerarta sai da autanta ya gama karatu.

Ita ta ba da labarin da bakinta a walimar ban kwana da Malam Hamisu, Alhaji yana zaune.

"Ashe wayo aka yi mini," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a mayar da naka ƙanana?" in ji Malam Hamisu.

"Bar su."

Malam Hamisu, kai ne kake tsare kuskure a bakin ƙofa, ba ka bin wanda ya yi shi da bulala. Mai rufa asiri da aiki, mun gode, Allah ya rufa naka. Ku kuma matasa masu rubuta manhaja, kafin ku zaɓi launi, ku ɗaga kai ku dubi wanda zai zauna gabanta.