Bindigar Delbert Mai Nauyin Tsiya

Sau ɗaya Delbert Pruitt ya taɓa shan ƙasa a gardama, ranar da matarsa Earlene ta kama shi yana goge bindiga da buroshin haƙorinta. Wai ai zai wanke mata. Ta ce, "Da kai da buroshin, ku tattara ku koma gareji." Shekara ashirin ke nan yana can, a ƙauyenmu da ke jihar Tennessee ta Amurka, yana gyaran bindigogin tsaron gida da sayar da kayansu.

Duk abin da zai sayar sai ya fara ɗaura wa tasa bindigar: tocila biyu, madubin saiti, ma'ajin harsashi. Har ta kai sai ya yi nishi kafin ya ɗaga ta, bawan Allah.

Ran Asabar a kasuwar bindigogi, wani na shirin sayen tocilar bindiga a wurin Delbert, sai Hoyt, ƙanin Earlene, ya nemi ɓata cinikin. "Ɗan'uwa, kar ka biye masa. Tasa ko ɗaguwa ba ta yi, wane gida za ta tsare?"

Delbert ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ɓarawon da ya shigo mana bara, ita ya so ɗauka. Bayansa ya riƙe. A duƙe 'yan sanda suka same shi."