Yaƙin Ƙanena da Surukinsa a Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da ƙanena da wani abokinmu tela, kowa da ordinatarsa, wato kwamfutarsa, a jaka. Wanda ya san hanya zai yi mana dariya, don Madarumfa ba ta da nisan da za a yi mata sammako. Ko da hantsi ka tashi, ka isa kafin rana ta yi zafi. Amma ƙanena ya hana kowa sakat. Tun kafin ladan ya yi kira yake buga mini ƙofa, ya sha shadda, ya zuba turare har sai da na yi atishawa.

Ga abin da ya kai mu. Mu ukun nan muna da ƙungiyar wasan yaƙi a ordinatar. Ba irin wanda mutum ke rungumar bindiga yana gudu yana harbi ba, wannan na kwamandoji ne. Ana ba ka taswira da tankoki da igwa da sojan ƙasa da jirage marasa matuƙa, waɗanda muke ce wa dron, ka zauna ka tsara inda kowa zai bi. Ƙanena ne kwamandanmu, kuma a unguwarmu ba a taɓa cin sa ba. Ni kuwa aikina a tura ni gaba a kashe ni don a gane inda abokan gaba suke. Na daɗe da haƙura da wannan matsayi.

To, ƙanen nan nawa yana neman wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa. Tana son sa, yana son ta, wannan ba gardama. Mahaifinta ya rasu, aurenta yana hannun baffanta, wani tsohon soja da ya aje kaki, kowa Ajidan yake ce masa, sunan muƙaminsa na soja. Duk lokacin da manyanmu suka ce za su je gaisuwa, sai ya aiko cewa a dakata. Ga kuma wani ɗan kasuwa na garin Ɗan Issa da ya fara aika buhun shinkafa gidan. Ƙanena ya rame. Ana nan sai saƙo ya zo daga Ajidan, ba ko kalma ɗaya a kan aure: ya ji labarin yaron ya iya wasan yaƙi, mu zo da injinanmu da safe a gwada. Ashe ɗansa ne ya kawo masa wasan daga Yamai, tsoho ya ɗanɗana, ya ƙwace ordinatar gaba ɗaya.

A tasha muka sha kunu da ƙosai, na dala ashirin ya ishi mutum in ba tela ba ne. Motar da muka shiga ta tsufa har ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma direban yana lallaɓa ta kamar amarya. Kaka ta yi. Ko'ina ka duba amalanken shanu ne ɗauke da dammunan gero, mata na roron wake, ana tuge gyaɗa ana tarawa. Wajen Jiratawa kore ne shar, gonakin zogale sun yi layi, ƴan mata na bin mota da kwaɗon zogale a faranti. Masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba sun jera a bakin hanya, direba na tsayawa yana tambayar kuɗi yana tsaki yana wucewa.

A shingen jandarma aka ce mu buɗe jakunkuna. Ordinatar uku a mota ɗaya, a hanyar iyaka, dole a tambaya. Na fara dogon bayani, sai wani matashin jandarma ya leƙa allon ƙanena ya yi murmushi. Ashe shi ma yana bugawa. Ya tambaye mu yadda ake kare igwa daga dron, ƙanena ya gaya masa a taƙaice, ya sallame mu da fatan nasara.

Sauran hanyar gardama muka yi ta yi, kuma duk a kan abu ɗaya: ya ci tsohon ko ya bari a ci shi? Tela ya ce wannan ba abin tambaya ba ne, wa ya taɓa kada surukinsa a zaurensa? Ni da nake ganin na fi shi wayo na ce ya bari a ci shi, amma da ƙyar, yadda tsohon zai ji daɗi kuma ba zai raina shi ba. Ƙanena kuwa gumi kawai yake yi da sanyin safiya.

Mun iske Ajidan zaune a ƙofar gida, dogo, siriri, da farin gemu da tabarau. Sai da ya dubi agogo sannan ya amsa sallamarmu, a nan na gode wa sammakon ƙanena. Zauren an share shi tas. An ja tebur biyu suna fuskantar juna, waya ta sauko daga farantin sola da ke kan rufi, don kuran ɗin garin, wato lantarki, ba a dogara da shi. Ɓangarensa su uku ne, shi da ɗansa da wani mushe, wato malamin lakwal, maƙwabcinsu.

Matsala ta fara tun daga wurin zama. Ƙanena ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya ƙi hawa kujera. A ƙasa ya durƙusa, ya ɗora ordinatarsa a kan ƴar kujerar tsugunno, kai a sunkuye. Mutumin da in muna wasa a gida ake jin ihunsa daga bakin titi, yau umurni yake ba mu da raɗa. Rabin abin da ya ce ban ji ba, na tura sojana inda na ga dama.

Tsohon kuwa ya iya. Ba ya gaggawa. Ya kashe rediyon dakarunsa don kada a gane inda suke, ya ɓoye igwa cikin itatuwa, ya kunna na'urar da ke rikita dron har namu biyu suka faɗi da kansu. Amma ƙanena ƙanena ne. Ya lallaɓa da wani ƙaramin dron mai kyamarar da ke ganin zafin inji, ya bi ta bayan tudu, sai ga motar kwamandan Ajidan a laɓe ƙarƙashin gada. A wannan wasa in ka kashe motar kwamanda an gama. Ina gefensa ina kallo. Makami a shirye, yatsa a kan maɓalli. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, Baba. A gahwarce ni, ina bisa gada."

Wallahi haka ya ce. Yaron nan ya kasa far wa surukinsa ba sallama. Tela ya toshe baki da hula. Ajidan ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya janye motarsa, ya harbo dron ɗin, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya share.

Na ɗauka shawarata ta yi aiki, har na fara murmushi. Sai Ajidan ya rufe ordinatarsa a hankali. Ba dariya a fuskarsa.

"Yaro, ka gane ni ko ba ka gane ni ba?"

"Na gane ka, Baba."

"To mi ya hana ka?"

Tsohon ya cire tabarau ya ce, "Sa'ad da nike aiki, wani yaro ya ga na ɗauki hanyar da ba ita ba. Ya gani sarai. Kunya ta hana shi hwaɗa mani, don na girme shi. Mun dawo ba mu cika ba. Ɗiyar wana za ni ba mutum. In gobe na yi kuskure bisa kanta, haka za ka yi mani sallama ka koma?" Ya miƙe. "Ku tahi ku ci abinci. Bayan azahar in kun so ku komo. In ba ku so ba, hanyar Maraɗi tana nan."

Laifin nawa ne, don ni na kitsa wannan shawara a mota. Muka gangara bakin tafki. Ruwan ya cika har ya shiga tsakanin itatuwa, fararen tsuntsaye sun lulluɓe rassa, masunta na jan kwale-kwale zuwa gaɓa. Masu lambu sun fara gyaran wuri suna jiran ruwa ya ja baya. An nuna mana inda masu ziyarar kaburburan waliyyai ke bi, mun yi addu'a daga nesa. Wata dattijuwa ta soya mana kifi da yaji da albasa, na dala ɗari ya cika faranti, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa a Maraɗi ba. Ni da tela muka ci namu muka ci na ƙanena, don shi ruwan kawai yake kallo. Na ce masa, "Ka manta da abin da nac ce a mota. Ka yi wasanka." Ya ce, "Yaya, in na ci shi da wane ido za ni dube shi?" Na ce ai ko yanzu ba duban sa yake yi ba.

Bayan azahar muka koma. Wannan karon ya hau kujera, ko da yake a ɗan gefenta ya ɗosana. Kai dai a sunkuye yake, amma murya ta dawo. Ni aka tura gaba kamar kullum, aka kashe ni kamar kullum. Tela ya tayar da tankoki ta gabas da hayaniya don a ɗauka nan ne harin. Ƙanena ya saki tarin ƙananan dron na banza, waɗanda ba su ɗauke da komai. Ajidan ya daure, ya daure, har dai ya kunna radarsa don ya kakkaɓe su. Abin da ake jira ke nan. Radar in ta kunnu kamar mutum ne ya haska tocila a duhu, kowa ya san inda yake. Igwarmu ta sauka a kanta, sannan ta sauka a kan motar kwamanda da ke fake kusa da ita. Ba sallama, ba gyaran murya.

Ƙanena ya dubi allo, ya ga abin da ya aikata, ya miƙe ya fita da gudu. Ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Daga baya a bayan rumbun maƙwabta tela ya same shi.

Ajidan ya daɗe yana kallon allonsa. Ya sa ɗansa ya maimaita masa yaƙin daga farko, yana bi da yatsa, yana gyaɗa kai. Da aka zo wurin dron na banza sai ya fashe da dariya, irin ta mutumin da aka yi wa wayo kuma abin ya burge shi. Daga cikin gida ma na ji ana ƙyaƙyatawa, ashe akwai masu saurare a bayan ƙyaure.

Aka dafa shayi. Tsohon ya saki jiki ya ba ni labarin zamaninsu, lokacin da taswirar takarda da rediyo mai nauyin jaki su ne dukan kayan aiki, kuma in kana son sanin abin da ke bayan tudu sai ka aika mutum da ƙafarsa. Yanzu wani abu kamar shirwa ya tsaya a sama ya ƙirga ka ba ka sani ba. Ya ce abin yana ba shi sha'awa kuma yana ba shi tsoro, don su nan bakin iyaka sun san ƙarar bindigar gaske. Abin da ya sa yake son wasan, in ji shi, a nan kaɗai ne yake rasa yara da safe ya same su da rai da rana. Na ji tausayinsa ƙwarai, na miƙa masa kofi.

Da muka zo tafiya ya rako ni har bakin hanya. Ƙanena na can nesa a durƙushe, tela ya kai masa takalmi. Ajidan ya ce mini, "Ka gaya ma manyanku su taho da goro." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Da saura. Suruki ba shi yaƙar suruki. Daga yau yaron nan ɓangarena shike."

Mun shigo Maraɗi ana kiran magariba. Duk hanya ƙanena murmushi yake yi wa gilashin mota, tela kuwa har ya fara tambayar kalar ankon biki. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Na tafi ina ganin girmama babba shi ne ka kauce masa, na dawo na san akwai babban da kauce masan ne raini. Na kuma koyi rage ba da shawara a cikin mota. An sa ranar gaisuwa, innarmu tana ta murna, ni ma haka. Sai dai ni da tela mun zauna wasa jiya mu kaɗai, yaran da ƙanena ke kora da hannu ɗaya suka yi mana kaca-kaca. Yanzu muna neman sabon kwamanda. Sharaɗinmu ɗaya ne: ya zama ya riga ya yi aure.